RUHI, KURAN DA FARKAWAR ZUCIYA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi mutum daga yumɓu, Ya ba shi ji da gani da hankali. Wanda Yake kwantar da mu da dare kamar matattu, kuma Ya tashe mu da asuba kowa yana sane da sunansa, da iyalinsa, da bashin da ake bin sa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Dalilin wannan faɗakarwa shi ne, a kwanakin baya, bayan an idar da sallar Isha'i, wani saurayi ɗalibi, mai ladabi, wanda ba a rasa shi a sahu, ya durƙusa gefena da salula a hannunsa. Ya ce: "Allah gafarta malam, akwai wata magana da ta hana ni sukuni." Sai ya kunna mini wani mutum yana bayani da Faransanci cikin taushin murya, shi kuma yana fassarawa. Abin da mutumin ke faɗi shi ne: wai rai ba kome ba ne illa ƙarfi, abin da suke kira enerji, irin na kuran da ke kunna fitila, wai masana sun tabbatar ƙarfi ba ya ƙarewa, sai dai ya sauya kama, saboda haka idan mutum ya mutu, ƙarfinsa yakan koma ya narke cikin wani babban ƙarfi da ya game duniya, kuma wai wannan babban ƙarfin shi ne abin da addinai suke kira Ubangiji. Wa'iyazu billahi.

Yaron ya ce: "Malam, ai mu ma mun ce rai ba ya mutuwa. Shin ba magana ɗaya ba ce?" Na ce masa: "Ɗana, kama da wane ba wane ba ne." Na yi masa alkawarin amsa a rubuce, domin na san irin wannan magana tana yawo a aljihun samari da yawa, daga Yamai har Damagaram.

To ku sani, Allah Ya yi muku rahama, abubuwa huɗu ne aka cakuɗa a cikin ƙwarya ɗaya: ƙarfi, da hayyaci, da ruhi, da farkawar zuciya. Idan muka ware su, kowane ya zauna a mazauninsa, ruɗanin zai kau da yardar Allah.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Musulmi ba ya musun gaskiya don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Gaskiya ne akwai kuran a jikin ɗan Adam. A shekarar 1791 wani likita ɗan Italiya mai suna Luigi Galvani, a garin Bolonya, ya wallafa bincikensa a kan ƙafar kwaɗo, inda ya nuna tana zabura idan kuran ya taɓa jijiyarta, alhali kwaɗon ya riga ya mutu. Ku lura da wannan tun daga farko: ƙafar ta motsa, amma kwaɗon bai dawo ba.

Bayansa sai wani likita Bajamushe, Hans Berger. Labarinsa abin lura ne. A farkon shekarun 1890, yana saurayi a rundunar mahaya, dokinsa ya kayar da shi a gaban dawakin da ke jan igwa, Allah Ya tsare aka tsayar da su kafin su tattake shi. A ranar nan, ƴar uwarsa da ke can nesa ta ji hankalinta ya tashi a kansa, ta matsa wa mahaifinsu har ya aika masa da saƙon tangarahu. Berger ya ɗauka lalle akwai wani ƙarfi na tunani da ya tashi daga kansa ya isa gare ta, ya kuwa shafe rayuwarsa yana neman sa. A shekarar 1924, a garin Yena, ya yi nasarar zana motsin kuran na ƙwaƙwalwar mutum, ya bayyana sakamakon a 1929. Ya ga idan mutum ya natsu ya rufe ido, zanen yakan hau ya sauka kamar sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya, idan ya buɗe ido sai ya sauya. Da na'urar da ta samo asali daga aikinsa likitoci suke gane farfaɗiya a yau. Amma ƙarfin tunanin da ke tashi daga kai zuwa kai, wanda don shi ya ɗaura niyya, har ya mutu bai kama shi a na'ura ba.

Yau an san ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa idan yana hutawa. Tana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan dubu 86. Duk da haka abin da take aiki da shi bai wuce wat 20 ba, ƙarfin ƙaramin ƙwan fitila. Da wannan ɗan ƙarfi alaramma yake riƙe izu sittin, da shi uwa take gane kukan ɗanta a cikin kukan yara goma. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Kuma wannan ƙarfi an san mafarinsa: gero ne da dawa da shinkafar da muka ci, da iskar da muka shaƙa.

INDA AWO YA TSAYA

To, shin hayyacin mutum, wato kasancewarsa yana sane da kansa da abin da ke kewaye da shi, shi ne wannan kuran? Akwai dangantaka a tsakaninsu, babu mai musu. Idan jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, cikin ƴan daƙiƙu mutum yakan suma. Idan likita ya yi allurar barci kafin aiki, hayyaci yakan gushe. Sai dai dogaro daban, zama abu ɗaya daban. Noma ya dogara ga ruwan sama, amma babu mai cewa damina ita ce gero.

Ku duba mai farfaɗiya, Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A lokacin da ta kayar da shi, kuran ƙwaƙwalwarsa yakan yi ambaliya fiye da kullum, kuma a daidai lokacin ne ba ya sanin inda yake. Da yawan kuran shi ne yawan sani, da a lokacin ya fi kowa sani. Ku duba kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya: ita ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin nan da muka ambata. Amma a shekarar 2014 likitoci a ƙasar Sin suka ba da labarin wata mace mai shekara 24 da aka haifa ba ta da ita sam. Tafiyarta da tangaɗi, maganarta da ɗan nauyi, amma tana cikin hayyacinta, har ta yi aure ta haihu.

Akwai kuma waɗanda suka so ɗora rai a kan sikeli. A shekarar 1907 wani likita a Amurka, Duncan MacDougall, ya wallafa awon da ya yi na nauyin majinyata 6 a lokacin fitar ransu. Ɗaya daga cikinsu ya ragu da kusan giram 21, sauran kuwa awonsu bai zo daidai da juna ba, wasu ma shi da kansa ya jingine su. Masana ba su karɓi wannan bincike ba, amma har gobe za ka ji ana cewa wai kimiyya ta gano nauyin rai.

Su kansu manyan masu wannan fanni sun san iyakarsu. A shekarar 1998 wasu mashahurai biyu, Christof Koch masanin ƙwaƙwalwa da David Chalmers masanin falsafa, suka yi caca irin ta al'adarsu. Koch ya ce kafin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a cikin ƙwaƙwalwa, Chalmers ya ce ba za a gano ba. A watan Yuni na 2023, a birnin Niyok, Koch ya amsa a bainar jama'a cewa an ci shi. Ana iya auna wane sashe ne ke aiki idan mutum ya ɗanɗana zuma, amma yadda motsin jijiya ke zama zaƙin da kai kake ji a bakinka, wannan ita ce tambayar da ta tsaya musu. To idan masu na'ura sun yi tawali'u, ina mai salula ya samo yaƙini?

Saura maganar cewa ƙarfi ba ya ƙarewa. Wannan ƙa'ida ce sananniya a kimiyya, Hermann von Helmholtz ya shimfiɗa ta a 1847. Amma me take nufi? Idan mace ta hura itace ta tuƙa tuwo, zafin itacen ya shiga tukunya, ya shiga tuwo, ya bi iska. Bai ɓace ba, amma ya watse, kuma babu mai tattaro shi ya mayar da shi icce. Haka ɗumin jikin mamaci: duk wanda ya taɓa wankan gawa ya san jiki yakan huce. Ɗumin ya shiga tabarma da iskar ɗaki. Wannan ɗumi bai san sunan mai shi ba, bai san ya yi salla ko bai yi ba, bai san hakkin marayan da ya ci ba. Wanda ya ce maka wannan ne wanzuwarka bayan mutuwa, bushara ya yi maka da gushewa, ya lulluɓe ta da kalma mai daɗi.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Ya ku bayin Allah, wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, cewa wasu Yahudawa a Madina sun tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da ruhi. Amsar tana cikin Suratul Isra'i, aya ta 85, inda aka mayar da al'amarin ruhi ga Ubangiji, aka kuma tunatar da ɗan Adam ƙarancin ilmin da aka ba shi. Ayar ba ta hana binciken jiki da ƙwaƙwalwa ba. Iyaka ta nuna mana, domin kada mu kira zato da sunan sani.

An ɓoye mana haƙiƙar ruhi, amma an sanar da mu halayensa gwargwadon abin da zai amfane mu. Hadisi na 4 a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi ya nuna cewa bayan kwana 120 a cikin mahaifa ake aiko mala'ika ya busa ruhi. Ga abin lura: likitoci suna ganin bugun zuciyar ɗan tayi tun wajen mako na 6, wato motsi da kuran sun rigayi wannan lokaci. Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta sanar da mu cewa Allah ke karɓar rayuka a lokacin mutuwa da lokacin barci, Ya riƙe wanda ajalinsa ya zo, Ya saki wanda yake da saura. Shi ya sa Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tabbatar a farkon Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, cewa rayukan masu rabo suna wanzuwa cikin ni'ima, na marasa rabo kuwa cikin azaba, har ranar tashi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya kawo hujjoji a Kitabur Ruhi cewa ruhi abin halitta ne. Saboda haka ruhinka naka ne, ba ya narkewa cikin na wani, shi za a tambaya a kabari, kuma za a mayar da shi ga jiki ranar hisabi.

Malamanmu ma sun san kalmar ruhi tana ɗaukar ma'ana biyu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa likitocin zamaninsa suna kiran wani abu mai laushi da ke fitowa daga zuciya ya bi jijiyoyi ya game jiki da sunan ruhi, ya kuma kwatanta shi da hasken fitilar da ake zagayawa da ita cikin gida. Sa'an nan ya ware ma'ana ta biyu, wato abin nan mai sani mai riska, wanda ayar Isra'i take nufi. Ashe tun shekara 900 da suka wuce an raba abin da likita ke lura da shi da abin da aka bar wa Ubangiji saninsa. Mutumin cikin salula ya zo ya haɗe su, ya ce sabon ilmi ne.

Mafi muni shi ne kiran Allah da sunan ƙarfi. Ƙarfi ana auna shi, ana raba shi, ana saye ana sayarwa, ana kawo takardar kuɗinsa a ƙarshen wata. Aya ta farko a Suratul An'am ta nuna duhu da haske duka Allah ne Ya sanya su, aya ta 11 a Suratush Shura kuwa ta kore kamanni tsakaninSa da kowane abu. Wanda ya mayar da Mahalicci wani yanki na halittarSa ya rushe tauhidi daga tushe, ko da ya yi hakan da murya mai taushi.

HATSARIN DA KE CIKI

Hatsari na farko a kan aƙida yake. Idan mutum ya yarda cewa makomarsa narkewa ce, to babu kabari, babu mizani, babu siraɗi. Me zai hana shi tauye mudu? Me zai tashe shi da asuba cikin sanyin hunturu?

Na biyu a kan dukiya da lafiya. Da wannan kalma ta enerji ake sayar wa mutane sarƙoƙi da warwaro da faifan gilashi a kan jikkuna masu yawa, wai suna daidaita ƙarfin jiki, suna kore cuta. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da lamarin nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan irin waɗannan kaya guda 10, bayan an auna an ga suna fitar da tururi mai iya cutar da wanda ya daɗe yana rataye da su. Wanda ya rataya abu yana jingina masa kariyar da shari'a ba ta tabbatar ba, likita bai tabbatar ba, ya koma ga tsohuwar laya cikin sabuwar riga.

Na uku ya fi kusa da ƙofar gidajenmu. Samari nawa ne suke haɗiyar ƙwayar taramol don su sami ƙarfin noma, ko tura baro, ko kwana a kan babur? Sun sayi ƙarfi, sun biya da hayyaci. Likitoci sun san yawan shanta yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Jaki ya fi mutum ƙarfi, amma ba a ɗora wa jaki salla ba.

ABIN DA ZA A TAMBAYE MU

Shari'a ta girmama hayyaci, domin a kansa aka ɗora taklifi. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da mai taɓin hankali. Yaranmu suna karantawa a Ishmawi cewa barci mai nauyi yana warware alwala, gajere ne ko dogo, mara nauyi kuwa ba ya warwarewa. Malamai suka ce alamar mai nauyi ita ce tasbaha ta faɗi daga hannunka ba ka sani ba. Aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye har sai mutum ya san abin da yake faɗi.

Daga girmama hayyaci akwai ladabin zama gun majinyacin da ba ya magana. A shekarar 2006, a Kambirij ta Ingila, Adrian Owen da abokan aikinsa suka gwada wata mace mai shekara 23 da ta yi watanni ba ta amsawa bayan haɗarin mota. Suka ce mata ta raya a ranta tana zagaya ɗakunan gidanta, sai na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarta tana amsa umarnin kamar ta masu lafiya. A 2024 wani babban bincike ya samu irin haka ga mutum 60 daga cikin 241 da ba su nuna alamar amsawa a zahiri. Saboda haka, ƴan uwa, kada a yi zancen gado ko na likkafani a kan mara lafiya ana cewa ai ba ya ji. A yi masa sallama, a kira sunansa, a yi masa addu'a, a tuna masa kalmar shahada cikin sauƙi. Muslim ya ruwaito daga Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, umarnin faɗin alheri a gun mara lafiya da mamaci, domin mala'iku suna cewa amin.

Sai dai akwai matakin da ya wuce hayyaci, shi ne farkawar zuciya, kishiyar gafala. Mutum yana iya zama idonsa biyu, lissafinsa daidai, cinikinsa na tafiya, alhali zuciyarsa tana minshari. Aya ta 179 a Suratul A'araf ta siffanta masu zukata da idanu da kunnuwa waɗanda ba su amfana da su, ta kira su gafalallu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammaru ɗan Yasir cewa mutum yakan idar da salla ba a rubuta masa daga cikinta ba sai ushurinta, wani kuma har zuwa rabinta. Liman ɗaya, sahu ɗaya, ƙarfin da jiki ya ƙona ɗaya, amma lada ya bambanta gwargwadon halartowar zuciya. Babu na'urar da ke auna wannan, amma mala'iku suna rubutawa.

Don haka nake ce wa ɗana mai tambaya, da duk mai irin damuwarsa: yi karatunka na kimiyya da kyau, al'umma tana bukatar likitocin ƙwaƙwalwa masu tsoron Allah. Idan aka ce maka masana sun gano, ka tambaya: su wa, yaushe, me suka auna? Idan aka ce maka addini ya ce, ka tambaya: a wace aya, a wane hadisi? Abin da aka auna ka karɓa, abin da aka saukar ka yi imani, abin da aka ɓoye ka ce Allah ne Mafi sani. Sa'an nan ka gwada kanka da abu ɗaya a daren yau: ka yi raka'a biyu kana sane da kowace kalma tun daga kabbara har sallama. Za ka tarar wannan ya fi gardamar ruhi wuya, kuma shi ne za ka tarar a ma'auninka.

Ya Allah Ka farkar da zukatanmu tun kafin mutuwa ta farkar da mu. Ka tsare mana imaninmu da hankalinmu, Ka shiryi samarinmu, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka jiƙan magabatanmu. Ka karɓi rayukanmu muna Musulmi, kalmar shahada ce ƙarshen maganarmu. Abin da muka faɗa daidai daga gare Ka yake, kuskure kuwa daga gare mu, muna neman gafararKa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.